An rufe ƙorafinmu, likitan kuma yana nan yana aiki: yaya ake hukunta likita a New York?

Wata baiwar Allah mazauniyar Bronx ta rubuto cewa kimanin shekara guda ke nan aka yi wa mahaifinsu tiyatar cire matsarmama, aka sallame shi. Ya kwana uku yana zazzaɓi, idanunsa suka koma rawaya, suna ta buga waya ofishin likitan amma ba wanda ya neme su. Da suka kai shi sashen gaggawa aka ce an ji wa bututun ɗaci rauni lokacin aikin, sai da aka sake yi masa wata tiyatar. Sun rubuta ƙorafi ga hukumar jiha, bayan wata 11 aka aiko musu da gajeriyar wasiƙa cewa an rufe fayil. Tana tambaya: likitoci ne ke rufa wa juna asiri, ko don su baƙi ne? Kuma akwai sauran abin yi?

Hajiya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kafin in shiga bayanin hukumar, akwai abin da ba ya jira, shi zan fara faɗa miki. Wannan wasiƙa ba ta rufe muku ƙofar kotu ba, amma ƙofar tana da wa'adi, kuma watannin da kuka yi kuna jiran amsar hukuma an lissafa su a ciki. A jihar New York ana shigar da ƙarar neman diyya kan sakacin likita cikin shekara 2 da wata 6 daga ranar da abin ya faru, ko daga ranar ƙarshe da likitan ya duba majinyacin kan wannan ciwon. In kuwa asibitin mallakar gwamnatin birnin New York ne, wa'adin ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba: sanarwa a rubuce cikin kwana 90, ƙarar kanta cikin shekara 1 da kwana 90. Wanda ya makara da sanarwar yana iya neman izinin alƙali, amma sai kafin wa'adin ƙarar ya cika. A lissafinki kun kusa gaɓa in asibitin gwamnatin birni ne. Ku ga lauyan irin wannan ƙara cikin makon nan. Ba sa karɓar kuɗi a gaba, sai an ci shari'a su ɗebi kasonsu, kuma doka ta ƙayyade shi: kashi 30 cikin ɗari na dala 250,000 na farko, yana raguwa har ya kai kashi 10 a kan abin da ya haura dala 1,250,000.

Yanzu hukumar. Yawancin masu zuwa wurina da irin wasiƙarki sun ɗauka ƙarar likita suka kai, kamar yadda ake kai ƙara gaban alƙali a zauna a ji ta bakin kowa. Ba haka tsarin yake ba. Ki ɗauki direban haya da ya yi hatsari da fasinja. Kotu za ta tambayi wa zai biya kuɗin jinya, ɗan sanda zai tambaya ko direban a buge yake, mai ba da lasisi kuma tambayarsa ɗaya ce: a bar mutumin nan ya ci gaba da ɗaukar mutane? Hukumar da kuka rubuta wa ita ce ta ukun. Ba ta biyan diyya, ba ta ɗaure kowa, ba ta sa a mayar da kuɗin magani. Ke a wurinta mai ba da labari ce, in ta kama ki zama shaida. Ɓangarori biyu na shari'ar su ne jiha da likita, shi ya sa ba a ba ki damar ɗaukaka ƙara in an rufe fayil.

A Amurka lasisin likita na jiha ne. Tun 1889 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Dent da jihar West Virginia, ta tabbatar wa jihohi ikon tantance wanda zai yi aikin likita a cikinsu, kuma har yau kowace jiha da dokarta da hukumarta. Wanda ya saba da Najeriya, inda hukuma ɗaya ta tarayya, MDCN, ke yi wa likitocin ƙasar duka rajista ta kuma hukunta su, yakan rikice a nan. New York ma ta ƙara nata ƙulli: ma'aikatar ilimi ce ke ba da lasisin, ma'aikatar lafiya ce ke ladabtarwa. A cikin ma'aikatar lafiyar akwai ofishin da ake kira OPMC, shi ke karɓar ƙorafi ya yi bincike. Masu yanke hukunci kuma wata majalisa ce dabam, kimanin kashi biyu cikin uku na mambobinta likitoci ne, sauran mutanen gari. Likitoci da mataimakan likita kaɗai ofishin ke dubawa. Ƙorafi kan nas, likitan haƙori ko mai haɗa magani yana zuwa ma'aikatar ilimi ne, ƙorafi kan asibitin kansa kuma wani sashe ne na ma'aikatar lafiya. Wannan ya shafe ku, domin in wata ma'aikaciya ce ta riƙe saƙonku ba ta isar wa likitan ba, ko an sallami Baba ba tare da takardar da ke bayyana alamomin haɗari ba, to wani ɓangare na laifin na asibiti ne, kuma OPMC ba zai bi shi ba.

Abin da doka ke kira laifin aiki an jera shi a sashe na 6530 na dokar ilimi ta jihar, kusan iri 50. Akwai zamba a aiki, duba marasa lafiya cikin maye, cin zarafin majinyaci, watsar da wanda ke buƙatar kulawar gaggawa, rashin rubuta fayil yadda ya kamata, har da ƙin amsa wasiƙar ma'aikatar cikin kwana 30. Wanda ya shafi maganarku shi ne sakaci, kuma yadda aka rubuta shi ne ke kashe ƙorafe-ƙorafe da yawa. Dokar ta raba shi biyu: sakaci a lokaci fiye da ɗaya, ko kuma mummunan sakaci a lokaci ɗaya. Wato likita zai iya yin sakaci na gaske sau ɗaya, ya cutar da mutum, kotu ta sa a biya diyya mai yawa, amma a fuskar lasisi bai aikata laifi ba, muddin sakacin bai kai matsayin ganganci ba. Babbar kotun jihar ta ƙara fayyace wannan a 1989, a shari'ar Rho da Ambach: kurakurai da yawa a zama ɗaya, a wuri ɗaya, lokaci ɗaya ne. Ko kuskure uku aka yi cikin tiyata guda, sau ɗaya ake ƙirgawa.

To dubi maganar Baba da wannan ma'auni. Raunin bututun ɗaci sanannen haɗari ne na tiyatar matsarmama, yana faruwa har a hannun ƙwararru, kuma da wuya a ce ba ya cikin takardar amincewa da ya sa wa hannu. Ƙwararren da hukuma za ta ba fayil ɗin ba zai tsaya kan cewa an ji rauni ba. Zai duba rahoton tiyatar ya ga ko likitan ya tantance bututu da jijiya kafin ya yanka, ko da abin ya rikice masa ya ɗauki hoton bututun ko ya koma buɗe ciki ko ya kira wani. In rahoton ya nuna an bi ƙa'ida, magana ta mutu a nan. Ni a ganina ɓangaren da ya fi ƙarfi a labarinki ba tiyatar ba ce, kwana ukun nan ne. Zazzaɓi da rawayar ido bayan wannan aiki alama ce da kowane likitan tiyata ya san ba a kwana da ita. Kuma wannan lokaci ne na biyu, dabam da ranar aikin. Akwai wani abu da mutane ba su sani ba: a shari'ar lasisi ba sai an nuna majinyaci ya cutu ba, ya isa a nuna likita ya kauce wa abin da likita mai hankali zai yi. Amma sai an tabbatar saƙon ya kai gare shi, ko kuma ya bar ofishinsa ba tsarin isar da irin wannan saƙo. In a ƙorafinku kun cika shafi biyu da tiyatar kuka ambaci wayar a layi ɗaya ba rana ba lokaci, mai bincike ya bi inda kuka nuna masa.

Ga yadda binciken ke tafiya. Ƙorafi a rubuce ake kai shi, kuma kowa yana iya kaiwa, doka ba ta ce sai ɗan ƙasa ba. Ana fara tacewa: rigimar kuɗi, jiran layi, likita ya ɗaure fuska, duk waɗannan ana ajiye su gefe. Wanda ya wuce sai a ba mai bincike, sau da yawa nas ce ko wanda ya daɗe a aikin bincike, tare da likitan ofishin. Suna da ikon karɓo fayil ɗin majinyaci ba sai da izininsa ba. Za su ji ta bakin mai ƙorafi, su tambayi ma'aikata, su duba ko an taɓa kawo ƙorafi kan wannan likita, ko asibiti ya taɓa rage masa aiki, ko kamfanin inshorarsa ya biya diyya a baya. In maganar ta jinya ce, sai an nemi ra'ayin likita mai irin ƙwarewarsa. In aka ga alamar abin ya zama ɗabi'a, ana iya ɗebo fayilolin wasu majinyatansa a duba gaba ɗaya, kuma a nan ne ake samun sau biyu da sau ukun da doka ke nema. In ana zargin maye ko taɓin hankali, ana iya umartar likitan ya je a gwada shi.

Kafin a kai maganar gaba dole a ba likitan damar zuwa a yi hira da shi, da lauyansa a gefe in yana so. Lauyoyin likitoci sun fi tsoron wannan zama fiye da ranar shari'a, domin likitan da ya zo shi kaɗai yana ganin hira ce tsakanin abokan aiki yakan faɗi abin da zai ɗaure shi. Wanda kuma ya koma ya gyara fayil bayan ya ji an kai ƙorafinsa ya haƙa wa kansa rami. Fayil na kwamfuta yana ajiye wanda ya buɗe shi da ranar da aka ƙara kowane layi, kuma zamba laifi ce da sau ɗaya ya isa a ƙwace lasisi a kanta. Likitoci da dama da za su tsira daga tuhumar sakaci, gyaran fayil ne ya kai su ƙasa.

Daga nan hanya ta rabu. Ana iya rufe fayil don babu hujja. Ana iya kiran likitan a yi masa gargaɗi a asirce, in laifin ƙarami ne ko aikin ya gaza amma bai kai laifi ba. Wannan gargaɗi ba a buga shi, ba a faɗa wa mai ƙorafi abin da aka ce. Saboda haka gajartar wasiƙarki ba raini ba ne, sashe na 230 na dokar lafiyar jama'a ne ya sa sirri a kan binciken duka. Sirrin nan yana kare ku, domin ba a ba likita sunan wanda ya kai ƙorafinsa, ko da yake yakan gane daga fayil ɗin da aka nema. Yana kuma kare likitan da aka yi wa ƙazafi. Amma yana barin iyali cikin duhu, kuma ban taɓa jin wanda ya karɓi irin wannan wasiƙa ya ji an yi masa adalci ba. Abin da zan tabbatar miki shi ne fayil ɗin da aka rufe ba a yar da shi. Yana nan a ajiye, kuma laifin aikin likita a New York ba shi da wa'adin da zai wuce a ce an makara. In wani iyali ya kawo irin labarinku bayan shekara biyu, naku ne zai sa a ce wannan karo na biyu ne.

In aka ga akwai hujja, ana gabatar da binciken ga kwamitin mutum uku, likita biyu da mutumin gari ɗaya. In suka amince, lauyoyin ma'aikatar lafiya su rubuta tuhuma a kai wa likitan. Tun 2008 ana buga irin wannan tuhuma a shafin ma'aikatar kafin a gama shari'a. Abin da ya jawo gyaran shi ne wani likitan kashe zafi a Long Island da yadda yake amfani da sirinji ya yaɗa ciwon hanta, jiha ta sani, amma aka yi kusan shekara uku kafin a sanar da ɗaruruwan majinyatansa a 2007. Likita zai amsa kowace tuhuma a rubuce aƙalla kwana 10 kafin zama, wadda bai amsa ba an ɗauka ya amince da ita. Masu sauraro wani kwamiti ne sabo, shi ma likita biyu da mutumin gari ɗaya. Akwai alƙalin ma'aikata da ke kula da tsarin zaman da karɓar hujja, amma ba shi da ƙuri'a. Ana rantsar da shaidu, lauyoyi su yi musu tambayoyi, kowane ɓangare ya kawo ƙwararrensa, ƙofa kuma a rufe take. Likita na iya yin shiru, sai dai a nan, saɓanin kotun laifi, kwamiti na iya ɗaukar shirunsa a matsayin alama a kansa. Ma'aunin hujja shi ne rinjaye kawai, wato ya fi kusa da cewa ya aikata. California ta fi tsaurarawa, can sai hujja bayyananniya mai gamsarwa, shi ya sa abin da zai ci lasisi a wata jiha ba lalle ya ci a wata ba.

Mafi yawan shari'o'in ma ba sa kaiwa wannan zama. Sulhu ake yi: likita ya amince da tuhuma ɗaya, ko ya ce ba zai yi jayayya ba, ya karɓi hukuncin da aka daidaita a kai. Hukuncin na iya zama tsawatarwa a rubuce, tara har dala 10,000 kan kowace tuhuma, aikin al'umma har awa 500, komawa karatu, aiki ƙarƙashin sa idon wani likita, hana shi wani nau'in aiki kamar tiyata ko rubuta magunguna masu sa maye, dakatarwa, ko soke lasisi. Wasu su miƙa lasisin da kansu. Duk ɓangaren da bai gamsu ba yana da kwana 14 ya kai wa kwamitin bita mai mutum biyar, likita uku da mutanen gari biyu, kuma wannan kwamiti yana iya ƙara hukunci, ba ragewa kaɗai ba. Bayan shi sai kotun ɗaukaka ƙara da ke Albany, wadda ba ta sake jin shaidu, kuma ba ta taɓa hukunci sai in ya yi tsananin da hankali ba zai ɗauka ba. Wanda aka soke wa lasisi yana iya neman a mayar masa bayan shekara 3.

Akwai gajerun hanyoyi biyu. In kwamishinan lafiya ya ga likita haɗari ne ga jama'a a yanzu, yana iya dakatar da shi nan take, a fara zama cikin kwana 10. In kuma kotu ta riga ta same shi da laifi, ko wata jiha ta hukunta shi, ba a sake shari'ar ko ya aikata, nauyin hukunci kawai ake tattaunawa.

Sai tambayarki ta rufa asiri. Ba zan ce miki babu ba. Likitoci sun fi yawa a kowane kwamiti, kuma likita in ya karanta fayil ɗin ɗan uwansa yakan tuna ranar da shi ma ya kusa yin irin kuskuren. Ofishi ɗaya ke bincike ya kuma gabatar da ƙara ƙarƙashin ma'aikatar da ke naɗa masu hukunci, abin da Kotun Ƙoli ta ce bai saɓa wa adalci ba a shari'ar Withrow da Larkin ta 1975. Likitoci na kukan an haɗe musu kai, majinyata na kukan ana goya wa likita baya. Ƙorafi dubbai ke shigowa kowace shekara, waɗanda ke ƙarewa da hukunci 'yan ɗaruruwa ne. Amma inda na fi ganin ɓarna ba a ɗakin kwamiti ba ne, tun kafin magana ta iso ne. Doka ta wajabta wa likita ya kai rahoton abokin aikinsa da yake zargi, ta wajabta wa asibiti ya sanar in ya rage wa likita aiki. Akwai kuma rumbun bayanai na tarayya da aka kafa da dokar 1986, ya fara aiki a 1990, inda ake shigar da diyyar da aka biya da hukuncin da aka yi wa likita, kodayake jama'a ba sa iya dubawa. Sai dai asibitin da ke tsoron ƙara ya fi son likita ya ajiye aiki salin-alin ya tafi wani wuri.

Christopher Duntsch shi ne misalin da kowa ke kawowa. Likitan tiyatar ƙashin baya ne a yankin Dallas ta jihar Texas, wanda tsakanin 2011 da 2013 ya raunata mutum fiye da 30, biyu suka mutu, yana tashi daga wannan asibiti zuwa wancan. Likitocin da suka gyara ɓarnarsa ne suka yi ta matsa wa hukumar Texas har ta dakatar da shi a Yunin 2013, ta soke lasisin a ƙarshen shekarar. Su ne kuma suka kai maganar ga mai gabatar da ƙara, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2017. A nan New York akwai Robert Hadden, likitan mata, wanda a 2016 ya amsa laifin cin zarafin majinyata, ya ajiye lasisi, bai kwana gidan yari ba. Sai a 2023 kotun tarayya ta ɗaure shi shekara 20, bayan mata da yawa sun fito. Matsin lambar irin waɗannan mata na cikin abin da ya kawo dokar 2020 da ta tilasta wa likitoci liƙa sanarwa a ofisoshinsu mai nuna inda ake kai ƙorafi. A duka biyun hukuma ba ta motsa da labarin mutum ɗaya ba, sai da labarai suka taru. Ki lura kuma kai likita kotun laifi kan jinya abu ne da ba a cika yi ba. Masu gabatar da ƙara sun fi shiga in akwai fyaɗe, zambar inshora, ko sayar da takardar magani, kuma maganar Baba ba ta cikin waɗannan.

Batun baƙunci kuwa, ban ga abin da ke nuna an rufe fayil ɗinku don asalinku ba, ana rufe na 'yan ƙasa haka nan kullum. Amma baƙunci yana cutar da mu ta wata fuska. Tsarin nan takarda yake bi, mu kuma mun saba da baki. Muna buga waya mu bar saƙo, ba ma tambayar sunan wadda ta ɗauka. Dattijo ya ji ciwo ya ce da sauƙi, nas ta rubuta cewa majinyaci ya ce yana samun sauƙi, wannan layin kuma shi lauyan likita zai karanta da ƙarfi. Ana sa yaro ɗan makaranta ya yi tafinta, alhali dokar jihar ta wajabta wa asibiti ya samar da tafinta kyauta. Sannan in abu ya faru, manya su ce ƙaddara ce a bar wa Allah. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana a rubuta abin da ya faru don kada ya sami mahaifin wani.

Abin da zan ce ku yi, bayan ganin lauya, shi ne ku nemi fayil ɗin Baba cikakke daga wuri uku: ofishin likitan, asibitin da aka yi tiyatar farko, da inda aka yi ta biyu. Baba ne zai sa hannu, ko wanda ya wakilta a rubuce. Haƙƙinsa ne, kuma a New York ba a cajin fiye da santi 75 kan kowane shafi na takarda. Ku ambaci rahoton tiyata, takardar sallama, da rajistar saƙonnin waya, domin wannan na ƙarshe ba a cika haɗawa da shi ba sai an nema da suna. Likita wajibi ne ya ajiye fayil aƙalla shekara 6, saboda haka suna nan. Ku ciro tarihin kiran waya daga kamfanin layinku, wanda zai nuna lamba, rana, lokaci da tsawon kowane kira. Rahoton likitan da ya yi tiyata ta biyu yana da nauyi ƙwarai, shi ne ya ga abin da aka yanka da idonsa, kuma in ya rubuta cewa jinkirin ya ƙara ɓarna, wannan sabuwar hujja ce. Ki kuma duba sunan likitan a shafin bayanan likitoci na jihar da aka kafa da dokar 2000, da shafin DocInfo na ƙungiyar hukumomin lasisi ta ƙasa, wanda ke nuna hukuncin da aka yi masa a kowace jiha.

Da waɗannan a hannu kuna iya sake rubuta wa OPMC, ku sa lambar tsohon fayil, ku ce ga bayanin da ba a gani ba a karon farko. Ku nuna wa lauyanku wasiƙar kafin ku aika, domin abin da kuka rubuta a nan kada ya saɓa da abin da za ku faɗa a kotu. Ku raba ranar tiyata da kwanakin waya, kowanne da kansa. Kada ku rubuta cewa likitan mugu ne ko ba shi da imani, mai bincike ba shi da inda zai sa wannan. Ku rubuta cewa ranar kaza da ƙarfe kaza kun kira wannan lamba, mace ta ɗauka, kun gaya mata zafin jikinsa ya kai kaza kuma idonsa ya yi rawaya, ta ce likita zai kira, bai kira ba. Haka za ku jera kowane kira har zuwa sa'ar da kuka isa sashen gaggawa. Kwafi za ku aika, asalin takardun su zauna a hannunku, sannan ku aika wani kwafin ga sashen da ke karɓar ƙorafi kan asibitoci in ofishin likitan a ƙarƙashin asibitin yake.